Ranar da Tsirkiya Ta Tsinke

Ƙarfe biyar na yammacin wata Juma'a, yau shekara huɗu, ƙanena Nasiru ya rasu a wani asibiti a nan Kuala Lumpur. Likita ne da ma'aikaciyar jinya kaɗai a kansa, domin lokacin korona ba a barin dangi su shiga. Ni ina gida a unguwar Wangsa Maju tare da matarsa Zainab, tana goye da 'yarsu Hanifa. Allah ya jiƙansa. Amma ba kuka na kawo muku ba, don shi kansa mutumin dariya ne.

Ni yadi nake sayarwa a kasuwar unguwar Masjid India, shi karatu ya kawo shi wata jami'a a titin Jalan Semarak. Karatun yana yi, sai dai yana da jaraba guda: wasu makaɗa masu jita da ganga da sarewa, da ke wasa a wani ƙaramin zaure. Ba sa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu. Su ɗauko ta, su sake ta, su yi ta yawo, can kuma su dawo inda suka faro. Duk wasan da suka yi sai Nasiru ya naɗa a wayarsa. Na ce masa, "Kiɗan da ba kai ba gindi, ai shiririta ce." Ya ce, da salon maganar mutanen nan, "Yaya, haƙuri lah, jira su dawo gida."

Da aka kulle gari, na rufe shago, ɗalibai suka maƙale a ɗakunansu. An ce zumunci a ƙafa yake, to ga ƙafar an ɗaure. Sai Nasiru ya kafa tsari, ni kuwa duk abin da ke da tsari ina girmama shi. Da farko ya tura wasa guda cikin waɗanda ya naɗa a dandalin hirarsu na ɗalibai a waya bayan la'asar. Sannan ya ƙirga, kowa ya kunna lokaci ɗaya a ɗakinsa. Daga ƙarshe a yi ta gardamar wanne ya fi. Ni na shiga ne don na sa ido a kansu, sai ga ni ina kaɗa ƙafa.

Wanda ba a taɓa gardama a kansa ba shi ne na ranar da tsirkiyar mai jita ta tsinke ana tsakiyar wasa. Bai tsaya ba. Mai ganga ya rufa masa asiri, mai sarewa ya karɓa, kiɗa ya canja, rawa ma ta canja. Nan za ka ji Nasiru ya manta ƙasar da yake, ya kwarma ihu da Hausa, "Kai! Allah ya ja zamaninku!" sannan ya fashe da dariya.

Da yana nan yau, da ya ga an sake buɗe zauren kiɗan amma makaɗan sun watse, yara kuma ba sa iya jiran waƙa ta kai ƙarshe. Na san dariya zai yi, ya ce su ma za su dawo gida.

Wayarsa ta lalace, ta gagari masu gyara. Ɗaliban sun gama, sun bazu Kano, Zariya, Yola. Hanifa ta yi wayo, in an yi mata Hausa, da yaren Malay take amsawa. Ta san fuskar ubanta a hoto, amma ranar nan ta tambaye ni yaya muryarsa take. Na kwaikwaya, ta ce ƙarya nake.

Saboda haka, in kana cikin waɗanda suka kunna tare da mu, duba tsohuwar wayarka yau, ba gobe ba. In ka sami wasan tsirkiya, aiko wa editan wannan shafi. Yarinya na jira ta ji dariyar ubanta.