Igiyar da Na Ɗaura wa Ƙanena

Jirginmu ya nutse a tafkin Cadi wata Laraba da hantsi. Kowa ya fita da ransa, sai ƙanena. Shi bai fita ba don a ɗaure yake, kuma ni na ɗaure shi.

Mu ƴan Matamaye ne, mutanen tudu. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na gulbin da ake shayar da shanu. Kafin in je tafki na yi shekaru ina bin kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Agadas da gaba da ita. A wannan hanya a saman kaya ake zama, ƙafafu na reto a waje. In gyangyaɗi ya kwashe ka ka faɗo, direba ba zai sani ba. Don haka mai hankali yana ɗaure ƙugunsa a jikin mota. Na ga wanda bai ɗaure ba, na ga yadda ya ƙare. Iyakar abin da na sani game da tafiya ke nan, kuma a lokacin ina ganin na san da yawa.

Shekarar da gero bai yi ba, muka tafi tafki aikin banda, wato kyafa kifi. Inna ta raka mu ƙofar gida. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, ga shi nan. Ka kula mini da shi."

Jirgin na katako ne, dogo, mai inji a baya. An cika shi da buhunan masara har saura ɗani ɗaya ruwa ya taɓa bakinsa. Ƙanena bai taɓa hawa ba. Ya zauna ya ƙanƙame katako da hannu biyu.

Ya ce, "Yaya, wannan abu ai ba ya tsayawa waje ɗaya."

Na ce, "Jaki ma ba ya tsayawa."

Ya ce, "Jaki in ya kayar da ni, ƙasa zan tarar."

Sai na ciro igiyar da nake tafiya da ita. Na zagaya ƙugunsa, na ɗaure a katakon da ya gitta tsakiyar jirgi. Ƙulli biyu na yi, irin wanda jijjiga ba ta kwance shi. Wata mata mai kwandon daddawa tana kallonmu. Ta ce mini, "Malam, ragon nan nawa za ka sayar?"

Ƙanena ya ce, "Hajiya, bai yi ƙiba ba tukuna. Ki dawo da layya."

Aka yi dariya. Mai jirgi yana can baya wajen inji, buhuna sun tare shi, bai ga abin da na yi ba.

Muna tsakiyar ruwa iska ta taso. Ruwa ya watso ciki sau ɗaya, ya sake, masara ta sha ta yi nauyi. Jirgi ya karkata, ya kife. Na ji ya ce "Yaya" sau ɗaya. Ban iya iyo ba. Hannuna ya samu wani bido, wato jarka, da babu komai a ciki, na rungume shi. Akwai wuƙa a ƙuguna. Ban tuna da ita ba sai da masunta suka jawo ni cikin kwalekwalensu.

Mutum uku suka nutsa nemansa. Suka fito suka ce jirgin ya kife a kansa, bakin ya kafe cikin laka, babu ta inda hannu zai shiga. Zurfin wurin bai wuce tsayin mutum biyu ba. Wani tsoho cikin masuntan ya dafa ni ya ce tafkin nan yana ja da baya. Ya ce, "Nan da kake gani, na taɓa shuka masara. Ka jira, za ka binne ɗan'uwanka." Muka kafa doguwar gora a wurin don kada ya ɓace.

Na aika saƙo gida ta bakin wani mutumin Kance. Bayan wata biyu amsar Inna ta zo. Tambaya ɗaya ce: an binne shi?

Na zauna a tsibirin da ke kusa. Ina kyafa kifi, ina jira. Kowace Juma'a in an sauko masallaci tsohon yana kai ni wajen gorar, in yi mata tsaga da wuƙa daidai inda ruwa ya tsaya. A nan na koyi iyo, da gemuna. Na nutsa da kaina, na taɓa katakon, na buga shi da hannu. Ban san abin da ya sa na buga ba.

Ranin farko ruwa bai ja sosai ba. Rani na biyu gindin jirgin ya fito fili, baƙi, kamar bayan dorina. Mutum yana iya tsayawa, ruwa iya ƙirji. Na roƙi mutane, muka taru muka ja, laka ta ƙi saki. Tsohon ya ce saura wata ɗaya a iya haƙa shi da shebur. Na sayi likkafani, na zaɓi wani tudu a tsibirin inda zan haƙa kabari.

Watan bai cika ba fitina ta shigo tafkin. Aka ce kowa ya bar tsibirai. Muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Likkafanin ma can na baro shi.

Da na iso gida, malamin unguwarmu ya zo gaisuwa. Ya ce wa Inna wanda ruwa ya ci ya yi shahada, kada ta sa wa ranta damuwa. Ta ce, "Na ji, Malam. Amma ina ya fuskanta? Gabas ko yamma?"

Da ya tafi na faɗa mata zancen igiyar. Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago kai ba. Can ta ce, "Ka ɗaure shi da kyau?"

Na ce, "Da kyau."

Ta ce, "To, ruwa bai tafi da shi wani wuri ba. Ka san inda yake. In hanya ta buɗe, ka koma."

Damina biyu bayan haka ta rasu, hanya ba ta buɗe ba. Daga baya na haɗu da wani da muka yi aikin banda tare. Ya ce ruwa ya dawo ya shanye gefen tsibirin, ciyawa ta rufe ko'ina, gorar ba ta nan, tsohon kuma ya rasu. Ya ce ko an kai ni yau ba zan gane wurin ba. Na san gaskiya ya faɗa.

Ban binne ƙanena ba, kuma na daina cewa zan koma. Matarsa ta yi aure a Yauri. Ni ina Matamaye, ina saro rake daga Dungu, ina sayarwa a bakin tasha.