Ranar da Na Sa Yatsa a Bakin Surukina

Ko da tsufa zai ɗauke mini tunanin komai, ba na jin zai iya ɗauke mini ranar nan ta cikin azumi, a kan hanyar Mirriya, ranar da ran surukina ya rataya a kan burodin da ya gama zagi da safe.

Surukina, baban mijina, manomin gero ne, mutum mai tauri. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Gaisuwa daga nesa nake yinta, a durƙushe. Shi ma in yana son wani abu daga wurina, sai ya faɗa wa bango ko jika, ni kuma in ji in yi. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba.

A shekarar da abin ya faru ne ciwon suga ya kama shi. Mijina yana Agadas wurin aiki, don haka ni aka ɗora wa raka shi asibiti a Damagaram. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta yi ta roƙonsa ya ajiye azumi, ya yi kamar ba da shi take ba. Da ta ga haka sai ta ja ni gefe ta ce: "Madam, maganin da ya sha da sahur yana sauke suga. In kin ga yana gumi yana rawar jiki, maganarsa ta rikice, ba shi abu mai zaƙi nan take. Kar ki jira."

Kafin mu shiga motar haya ta komawa Mirriya na tsaya a butik, wato ɗan kantin gidan mai, na sayi burodi mai kirim guda biyu, irin mai laushin nan da ake rufewa a leda, da farin kirim mai zaƙi a cikinsa. Yarana suna haukarsa, na yi musu alkawarin tsaraba. Baba ya dubi ledar ya juya kai wajen titi, ya ce wa titin: "Iska da sukari. Wannan ne zai riƙe cikin ɗan Adam?" Na tura ledar ƙarƙashin hijabi.

Mun yi nisa da gari tayar motar ta fashe. Direba ya duba ta ajiya ya tarar ita ma ba iska, ya tare mai babur ya koma da ita gari. Muka sauko muka fake a inuwar wani gawo, ga rana ta take, ba gida ba rumfa. Ina zaune can gefen mata na lura carbin Baba ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Mutumin da ko barci ba ya raba shi da carbi! Na saci kallonsa. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga, hannunsa na kaɗawa, yana wata magana marar kai, wai a kore awaki daga gona.

Na tuna maganar ma'aikaciyar nan. Na zaro burodin, na nufi wani dattijo da ke kusa da shi na ce: "Malam, don Allah ka ba shi wannan. Suga gare shi."

Ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. "Suga gare shi, shi ne za ki ƙara masa sukari? Da azumi a bakinsa? Baiwar Allah, ba da hannuna ba."

Nan fa kowa ya zama likita. Wannan ya ce a yayyafa masa ruwa, wancan ya ce a yi masa fifita. Wata tsohuwa ta kama mini hannu ta ce: "Ƴata, mene ne shi a wurinki?" Na ce surukina ne. Ta dafe ƙirji. "To ki rufa wa kanki asiri. In ya cika da abin nan a bakinsa, me za ki ce wa ɗansa?"

Wallahi maganarta ta shige ni. Na ga kaina ina shiga gida da gawa, na ji abin da za a riƙa faɗa a bakin rijiya har in mutu. Kuma ni ba karatun likita na yi ba, magana ɗaya aka faɗa mini a tsaye. In fa ban fahimta daidai ba? Ina cikin wannan sai kan Baba ya karkata ya jingina da gindin gawon, idanunsa suna lumshewa.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na yaga ledar, na ɓare burodin gida biyu, na kwaso kirim ɗin da yatsa. Ya datse haƙora, cikin wata murya ƴar siririya ya ce: "Azumi nake." Na ce: "Baba, alhakin yana wuyana. Ka buɗe." Karo na farko ke nan da na yi masa magana ina kallon fuskarsa. Da ya ƙi, na riƙe masa haɓa na tura yatsana ta gefen kumatu na shafa masa kirim ɗin a dasashi. Na ji mata sun ɗauki salati a bayana. Na sake kwasowa na sake shafawa, har na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Sai kuma shiru. Babu abin da ya canza. Hannunsa ya yi sanyi, kansa ya ƙara langaɓewa. Dattijon nan ya ce a hankali: "Kin gani ko?" Ban juya ba. Na buɗe burodi na biyu, ina ba shi kaɗan-kaɗan ina kiran sunan Allah. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, ni dai na ga kamar rana ta tsaya cik.

Can ya ja wani dogon numfashi. Ya buɗe ido ya dubi mutanen da suka zagaye shi, ya laluba ƙasa ya ɗauki carbinsa. Sannan ya taɓa gemunsa ya ji kirim dumu-dumu. Ya dube ni. Take kunyar da ta gudu ta dawo gaba ɗaya, na sunkuyar da kai na koma gefe, na zauna ina kuka.

Da aka gyara tayar muka ƙarasa gida, ni kuwa na shirya wa faɗa. Bayan an sha ruwa ya aika a kira ni. Na durƙusa a bakin zaure. Ya ce: "Kin karya mini azumi." Na ce: "Na karya, Baba." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce: "Azumi ana ramawa. Allah Ya yi miki albarka." Ni ya faɗa wa, ba bango ba.

Da muka koma asibiti ma'aikaciyar ta ce ruwan sukari ya fi sauri, in riƙa yawo da shi, amma abin da ke hannuna a ranar shi ne daidai. Baba dai bai yarda da ruwan sukari ba. Har ya bar duniya ba ya tafiya sai da burodi mai kirim a aljihun babbar rigarsa, yana zaginsa yana kiransa maganinsa, in ya dawo lafiya jikoki su cinye.

Har yau ina durƙusa wa manya, kuma haka nake koya wa ƴaƴana. Amma ranar nan ta koya mini cewa kunya da tsoron bakin mutane ba su kai ran mutum ba. Da na tsaya kare mutuncina a ƙarƙashin gawon nan, da na koma gida da kunyata cikakkiya, yarana kuma ba su da kaka.