Injin da Na Sa wa Mama Saratu

Ni bakanike ne, kuma na yi zaman gidan yari. Na faɗa da bakina tun yanzu don kada wani ya ji daɗin raɗa muku a bayan idona. Da ku matasa nake, musamman masu koyon aikin hannu.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Kwoi. Babana manomin citta ne, mamana kuma ba ta fashin taron zumuntar mata. Ni ma ina cikin mawaƙan coci, ba wanda ya taɓa kawo ƙarata gida. Da na gama sakandare aka kawo ni Kafanchan wurin Oga Bulus in koyi gyaran mota. Mutum ne mai faɗa, amma ko noti ɗaya ya rage bayan aiki sai ya miƙa wa mai mota. Hannuna ya faɗa da wuri, musamman a sauyin inji, har ya fara bar mini aikin ni kaɗai.

Ga yadda aikin yake ga wanda bai sani ba. Idan injin mota ya buga, mai ita kuma ba shi da ƙarfin sayen na shago, sai a nemo wata irinta da ta yi haɗari, jikinta ya lalace amma injinta lafiya. Mu muna ce mata motar yanka. A kwance injin, a ɗaga shi da sarƙa, a ɗora wa wadda injinta ya buga. Aiki ne na halal, har yau shi nake yi.

Wani malamin makaranta ne na fara cuta. Ya sayi motar yanka da ta faɗi a hanyar Kachia, na sauya masa inji, sai ya tambaye ni ko akwai sauran abin kirki a jikinta. Akwai kik na tayar da mota mai kyau, akwai lagireto na sanyaya inji, giyabos ma bai taɓu ba. Na ce masa duk sun tashi aiki, sai dai 'yan gwangwan. Ya yi mini godiya ya tafi. Na kwance su na sayar, na sayi waya. Abin da ya ruɗe ni shi ne babu abin da ya faru. Na je coci na yi waƙa kamar kullum.

Da Oga Bulus ya yaye ni na buɗe garejina, sai abin ya zama ɗabi'a. Kowace motar yanka sai na ci rabona kafin mai ita ya gani. Daga nan na koma cire mai kyau daga motar da aka kawo gyara, in mayar da tsoho.

A haka wani mutum da ake kira Manaja ya same ni. Kullum tsaf yake, da rigar ofis da turare. Ya ce yana samo motocin yanka da araha, yana neman mai saurin hannu. Ranar Lahadi yake kawo su, lokacin da kowa ke sujada, layin gareji ba kowa. Ta farko da ya kawo ko ƙwarzane babu a jikinta. Na ce wannan ai ba ta yi haɗari ba. Ya yi dariya ya ce za ta yi a hannuna.

Ba zan ce muku ban sani ba. Motar haɗari tana zuwa da fasasshen gilashi da lanƙwasasshen ƙarfe. Waɗannan kuwa suna zuwa da takalmin yaro a ƙarƙashin kujera, ko littafin waƙoƙi a gaban direba. Nakan tattara in ƙone, in goge lambar inji, kafin Litinin mota ta zama kayan gyara. Masu saye kuma suna ta zuwa: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, har da dattawan coci. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin arahar.

Mama Saratu ƙawar mamana ce, ta goya ni ina jariri. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar akori-kura, ɗanta Dauda yana ja, suna kai busasshiyar citta kasuwar Kachia. Ana tsakiyar kakar citta injin ya buga. Aka jawo motar har garejina, ita kuma ta biyo da kwanon tuwon acca. Ta ce ba ta da wani makanike sai ni ɗanta, in yi mata yadda zan yi wa mamana.

A makon ne Manaja ya kawo wata akori-kura fara, injinta kamar sabo. A raina na ce ai taimako zan yi. Na yi aikin da kyau kuwa: na canja kujerun inji, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na zuba sabon baƙin mai. Sauri ya sa ban goge lambar ta fita duka ba. Da Dauda ya murza makulli motar ta tashi, Mama Saratu ta ɗora hannu a kaina ta yi mini addu'a a gaban mutane.

Ba a jima ba aka tare Dauda a shingen 'yan sanda da lodin citta. Ashe farar motar ta wani ɗan Zonkwa ce, 'yan fashi suka harbe shi a ƙafa suka ƙwace ta, ana ta nemanta. Aka buɗe gaban mota, aka karanta abin da ya rage na lambar. Nan take Dauda ya zama ɗan fashi. Ya ce ni na sa injin. Da aka zo aka tambaye ni, na ce gyaran birki kawai na taɓa yi masa.

Mama Saratu ta zo gareji ba ɗankwali. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a gabana ta ce, "Yarona, duba ni. Kai ne ka sa injin nan, ina tsaye. Ka je ka gaya musu, suna kashe Dauda da duka."

Na ce, "Mama, ban san zancen da kike yi ba."

Wannan maganar ita ce mafi muni a duk abin da na yi, ta fi satar. Makonni Dauda yana tsare ina buɗe gareji ina rufewa. Kuma ba ni na kai kaina ba, kada wani ya yi mini wannan ado. Dawowa aka yi da bincike, aka tarar da ƙofar farar motar a bayan gareji, na rufe ta da buhu ina jiran mai saye. Sai da ankwa ta shiga hannuna na ce Dauda bai san komai ba. Aka sake shi da hannun dama da ba ya iya damƙe sitiyari. Cittarsu ta salwanta. Manaja kuwa wayarsa a kashe, har yau ban san sunansa na gaskiya ba.

Shekarun da alƙali ya yanke mini na yi su cif. Ina ciki babana ya rasu, a bakin wani mai ziyara na ji. Cikin duk masu sayen kayana ba wanda ya leƙo. Oga Bulus kaɗai ke zuwa, ya kawo gari da sabulu, ya zage ni tas, ya tafi. A wurin na tuba. Ba wani haske na gani ba. Na dai zauna na lissafa mutanen da na cuta har na rasa inda zan ɓoye wa kaina, na roƙi Ubangiji gafara.

Da na fito kowa ya ce in bar Kafanchan, in tafi inda ba a san ni ba. Na ce ba inda za ni. A nan na yi ɓarna, a nan zan zauna a gan ni. Oga Bulus ya ba ni gefen garejinsa da tsofaffin sifanu.

A coci dattawa suka kira ni suka ce za a sa ni horo, in riƙa zama a bencin baya. Wanda ya karanta mini hukuncin kuwa shi ya sayi giyabos biyu a hannuna, har ya taɓa ce mini kada in gaya masa inda suka fito. Na bari ya gama, sannan na ce, "Baba, na karɓa, na cancanci fiye da haka. Amma bencin yana da tsawo. Akwai wurinka kusa da ni."

Fasto ya ce in iya bakina. Na ce na iya shi tsawon shekaru, shi ya sa Dauda ya rasa hannu. Na yi horona har ƙarshe a bencin baya, kaina a ɗage. Dattijon nan har yanzu in mun haɗu sai ya tsallaka titi.

To ku saurara. Ranar da mai mota ya tambaye ku abin da ya rage, ku faɗa masa gaskiya ko da waya ɗaya ce, don daga nan ake farawa. Motar yanka in ba takardu, ba mai ita a tsaye, kada sifanarku ta taɓa ta. Wanda ya ce muku kowa na yi, ku tambaye shi ko zai raka ku kotu. Ku masu neman inji da araha, ku ma da ku nake. In kuma kun riga kun faɗa ciki, kada ku bar wani ya sha duka a madadinku ko na yini ɗaya.

Na je gidan Mama Saratu na durƙusa. Ta yi kuka, ta ce ta bar ni da Allah, ta ba ni ruwa na sha. Dauda yana zaune a ƙofar shagon da yake tsare yanzu. Na roƙe shi, ya dube ni ya ce, "Ban yafe ba tukuna. Kada ka dawo sai na neme ka."

Na ce masa ya yi daidai. Ban koma ba, kuma ban tura kowa ya roƙar mini ba. Amma ya san garejin Oga Bulus, ya san gefen da nake. Duk ranar da ya ga dama, ko yafewa ya zo yi ko zagi, zai same ni a ƙarƙashin mota, kuma zan fito in tsaya.