Ranar da Kawu Eruera Ya Ce Tumaki Sun Bushe

Kawu Eruera ya shekara talatin da huɗu a sunkuye. Ba cuta ba ce, sana'a ce. Tun yana ɗan sha shida yake askin tumaki, yau wannan gona gobe waccan, daga garin Lumsden har bakin teku, har bayansa ya haƙura ya ɗauki siffar aikin. In ya miƙe da yamma sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Shi ko a jikinsa. Ya goge fuska da tsumman wuyansa, ya ce a ba shi shayi.

Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya kwashe ni lokacin da kowa ya gaji da ni. Makaranta na baro ta tun ba ta gama da ni ba. Na yi wankin kwano wata biyar a wani gidan abinci a Queenstown, aka sallame ni don na gaya wa wani baƙo cewa miyar da yake ta yabo ta shekaranjiya ce. Na yi tsinkar 'ya'yan itace a Cromwell, abin da ya shiga cikina ya fi wanda ya shiga kwando. Sai Kawu ya miƙo mini injin aski ya ce, "Tipene, tunkiya ba ta jin zolaya. Gwada bakinka a kanta mu gani." Shekara uku ke nan ina nan, kullum ina cewa wata mai zuwa zan kama gabana.

Matarsa, Inna Ripeka, rumfar aski ɗaya suke aiki. Ita ke kwashe gashin da zarar ya zube, ta watsa shi kan tebur, ta tsince dattin gefe. Shekara ashirin da takwas tana bin ƙafafunsa da tsintsiya. Abu ɗaya na san ta taɓa roƙonsa: ya kai ta Queenstown su kwana biyu, su hau tsohon jirgin nan mai cin kwal da ke ƙetare tafki. Awa ɗaya da rabi ce daga ƙofar gidanta. Mutane na tasowa daga ƙarshen duniya su hau shi, ita kuwa sau uku ana sa rana ana fasawa. Na farko mai kwangilar askin da muke wa aiki ya karɓi wata gona a ƙurarren lokaci. Na biyu aka yi rasuwa a Bluff, dangi duka aka tafi kwana uku. Na uku mota ta ƙi tashi, kuma ban ga alamar Kawu ya ji haushi ba.

Mu dai ruwan sama ke ba mu hutu. Rana ta fito, aiki. Aka yi ruwa, tumaki sun jiƙe, kowa ya zauna gida yana hamma. To wa zai je kallon duwatsu cikin hazo?

Bana, cikin Janairu, mai kwangila ya ce in muka gama gonar wani mai suna Gilmour ranar Alhamis, ba sauran aiki sai Litinin. Kwana uku cur. Ranar Lahadi bayan abincin rana Inna ta tsare ni a ɗakin girki, ta ture kwanukan gefe.

"Kai da ka san Queenstown, zauna ka tsara mana tafiyar."

"Inna, bayan garin na sani. Inda ake zubar da shara."

"Tsara dai, sarkin surutu."

Na fito da waya. Kawu na kwance a ƙasa, ƙafafunsa a kan kujera, yadda yake yi in bayan ya dame shi.

"Kawu, akwai gadar da ake ɗaure mutum da igiyar roba a ƙafa a cilla shi ƙasa. Wataƙila ta miƙar maka da baya."

"Da kai za mu fara, ba igiya."

"To akwai kwalekwale mai gudu, yana shafa duwatsu yana juyi kamar mahaukaci."

"Na shiga motarka, na ɗanɗana."

"Akwai akwatin da ke hawa dutse da mutane, a rataye da igiyar ƙarfe."

"In na hau, me ke can sama?"

"Ƙasa za ka gani."

"Ai ga ni a kanta." Ya juyo da kai wajen matarsa. "Ripeka, wai me za a yi a can ɗin?"

"Ba komai," in ji ta. "Shi nake so in ga yadda ake yi."

A ƙarshe abu biyu kawai ta yarda da su: ɗaki mai taga da ke kallon ruwa, da jirgin ranar Asabar da hantsi. Na kama musu duka biyun. Ta sa na karanta mata saƙon tabbaci sau biyu, sannan ta rubuta shi da hannunta a bayan kalanda, don ba ta yarda da abin da ke cikin waya ba. Kafin dare ta goge shuɗiyar rigarta, ta goge wa Kawu farar taguwar da ya sa ranar rasuwar Bluff.

Litinin aka wayi gari da ruwa. Talata ma haka. Laraba muka yi aski kamar ana bin mu, amma da yamma yayyafi ya sake saukowa. Tumaki ɗari shida suka rage, rumfar Gilmour kuwa ɗari da hamsin take iya kwanarwa a ƙarƙashin rufi. Sauran a waje suka kwana.

Mu uku ne masu aski: Kawu, ni, da Dougal, wani ƙaton Bature mai jan gemu wanda ya fi son kujerar mashaya da gadonsa. Ranar Alhamis muka share na cikin rumfa kafin hutun shayi. Sai Gilmour ya koro na waje da karnukansa, yana ta murmushi.

"Tun asuba iska ke bugun su. Sun bushe ƙarau, samari."

Dougal ya ce, "Sai dai a yi ƙuri'a."

Haka ake yi tun kafin a haife ni. In ana shakka, kowane mai aski ya aske biyu, ya rubuta "jiƙe" ko "bushe" a guntun takarda, a jefa cikin hula. Masu rinjaye su ne hukunci, mai gona ba shi da baki. Ba wasa ba ne, don jiƙaƙƙen gashi da maiƙonsa na ratsa fata, ya fito maka da maruru a hannu da cinya, sanyi ya zauna maka a gaɓoɓi. In aka ce jiƙe, a rufe rumfa sai gobe. Gobe kuwa Juma'a ce, kuma rediyo ya ce akwai wani ruwan a hanya. Kowa a rumfar ya san me hakan ke nufi ga rigar da ke rataye a ƙofar Inna.

Wai ƙuri'ar sirri ce, amma mutum uku wane sirri? Dougal ko daga tanda aka fito da tunkiya jiƙe zai rubuta. Ni kuwa ko daga tafki aka tsamo ta, ranar nan bushe zan rubuta, ba na jin kunya. Saura Kawu.

Shi kuwa da wannan 'yar takarda aka san shi a duk yankin. Masu gona sun roƙe shi da babbar mota tsaye a ƙofa tana jiran kaya, ya rubuta jiƙe. Abokan aiki sun roƙe shi washegarin biki, kai na sara musu, ya rubuta bushe. Yakan ce abin da hannunsa ya ji shi yake rubutawa. Ba shi da gona, gidan ma na haya ne, amma in aka ce Eruera ya ce jiƙe, magana ta ƙare.

Na jawo tunkiyata ta farko. Kafin in gama cikinta wandona ya yi sanyi a gwiwa. Ta biyu ta fi ta farko. Na saci kallon Inna. Ta ɗauki gashin Kawu ta watsa kan tebur. Busasshen gashi yakan buɗe a iska ya sauko a hankali kamar zane. Wannan kuwa tim ya faɗi. Ta shafa tafin hannunta a gaban riga, ba ta dubi kowa ba.

Gilmour ya yago takarda uku daga littafinsa, ya ba mu fensir, ya cire hula. Kawu ya juya mana baya ya rubuta nasa a jikin bango. Ya daɗe fiye da yadda kalma ɗaya ke buƙata.

Gilmour ya buɗe ta farko. "Jiƙe."

"Gemu ya yi magana," na ce.

"Bushe."

"Maƙaryaci ya yi magana," in ji Dougal.

Ya buɗe ta uku, ya kalle ta, ya kalli Kawu, ya sake kallon ta. "Bushe."

Dougal ya matse ƙafar wandonsa har ruwa ya ɗiga a katako.

"Eru, shekara sha tara muna aiki tare. Yau hannun naka ya mutu ne?"

"Kama tunkiyarka."

"A'a, ina tambaya ne. Ko tsufa ne, mu fara nema maka sanda?"

"Na ce kama tunkiyarka, Dougal."

Inna ta matso da tsintsiya kamar za ta share gefen ƙafarsa. A hankali ta yi maganar, amma ina kusa.

"Tsoho, ban roƙe ka wannan ba."

"Na sani. Share nan, gashi ya taru."

Ɗari huɗu da hamsin muka aske a jiƙe. Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Tunkiya na zamewa a hannu, inji na cijewa, katako ya yi santsi. Dougal ya zagi tumaki, ya zagi Gilmour, ya zagi duwatsun Queenstown ɗaya bayan ɗaya. Ni da ba na rasa abin faɗa, bayan azahar bakina ya mutu. Kawu bai ɗaga kai ba sai da ta ƙarshe ta fita ta ƙaramar ƙofa, ƙarfe shida ta wuce. Ya yi yunƙurin miƙewa, ya tsaya a rabi. Ni da Dougal muka kai shi mota.

Juma'a ba ya iya taka birki, don haka hutun mutum biyu ya zama na uku. Ni na tuƙa, Inna a gaba da jaka a cinya, shi a baya kwance. Muka bi gefen tafki, hanya na lanƙwasa, ruwan sama na bin mu a baya. A garin muka yi rabin awa muna neman inda za mu ajiye mota, matasa na wucewa da kekunan hawa dutse, duk laka, suna dariya da harsuna iri-iri. Ɗakin na kallon ruwa yadda aka ce. Inna ta tsaya a taga. Kawu ya kalli gadon mai laushi, ya kwanta a ƙasa. Ni kujera aka bar mini.

Asabar gari ya washe. Ya sa farar taguwarsa, maruru biyu sun riga sun taso a damtsensa na hagu. Daga masauki zuwa bakin jirgi tafiyar minti biyar ce, muka yi ta a ashirin. A cikin jirgin akwai wurin da ake leƙa ƙasa a ga mai zuba kwal a wuta, zafi na tasowa. Nan Kawu ya sami benci. Ya kalli mutumin yana ta aiki da shebur, ya ce, "Allah sarki, ko nawa yake zubawa a yini?" Kafin jirgi ya bar gaɓa ya yi barci, baki buɗe.

Inna ta hau sama. Na bi ta. Iska na kaɗa shuɗiyar rigar, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, tana kallon duwatsu suna matsowa suna ja da baya. Wata baƙuwa ta roƙe ta ta ɗauke su hoto da mijinta, ta ɗauka, ta yanke musu kawuna, suka yi godiya.

Da muka kusa ɗaya gaɓar sai lasifika ta ce duk masu tikiti irin namu su sauka, akwai shayi, sannan za a nuna musu yadda ake askin tunkiya. Ashe da na sayi tikitin a waya ban karanta shafin har ƙasa ba.

Inna ta juyo a hankali. "Tipene."

"Inna, wallahi ban gani ba."

"Ka kawo ni kallon tunkiya?"

"Busasshiya ce dai, na tabbata."

Ta kai mini duka da jaka, amma tana dariya, irin dariyar da ke fita da ƙyar. Jama'a suka sauka suna rige-rige. Ita ta je wajen mai duba tikiti ta ce ba za ta sauka ba, a mayar da ita yadda aka kawo ta. Muka dawo jirgin kusan ba kowa, ta sami bencin gaba ita kaɗai, ta cire takalma.

Sai da aka ɗaure igiya Kawu ya farka.

"Mun isa?"

"Mun je mun dawo," na ce.

A masauki ta jiƙa tawul da ruwan zafi, ta naɗe masa hannun riga, ta dafa kan marurun. Ya ja iska ta haƙora.

"Ya yi miki?" ya ce.

"Ya yi. Akwai sanyi dai a sama."

"To madalla."

Ta matse tawul, ta sake dafawa. "Litinin labari zai riga mu isa kowace gona. Dougal ba ya riƙe magana."

"Na sani."

"Kada ka sake yi mini irin wannan."

"Ba wani jirgin da kike son hawa?"

"Babu."

"To shi ke nan." Ya lumshe ido. "Tipene, daina tsayuwa a kan mutane, je ka nemo mana kifi da dankali. Kuma kada ka yi wa masu sayarwa surutu, ba na son a tofa mana wani abu a ciki."