Ɓerayen da Baba Ya Gasa

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da ƙanena ya dawo gida Kagoma da fararen ɓeraye a keji. A jami'a yake lokacin, farkon shekarun casa'in, aka shiga yajin aiki, ya rasa wanda zai bar wa su. Bincike yake yi a kan wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɓera, bai kai ƙwayar dawa ba, amma shi ke fitar da ruwan da ke sa jiki girma. Wasu daga cikinsu ya yi musu allurar da ke tsayar da aikin ƙullin, ya ɗan tsaga musu kunne don ya gane su. Duk wannan sai daga baya na ji.

To a wurinmu, abin da ɗa ya ajiye a ƙofar ɗakin ubansa tsaraba ce, ba a tambaya. Shi kuwa gogan naka, da duk iliminsa, can ya ajiye kejin saboda inuwa, ya fice gaishe-gaishe. Mu kuma manoma ne, naman ɓeran daji ba baƙonmu ba ne.

Na dawo daga gonar citta na tarar da Baba a gaban garwashi, 'yata mai shekara huɗu a kan cinyarsa, bakinta duk maiƙo da yaji. Ana haka ƙanena ya shigo, ya ga keji wayam.

"Baba, waɗanne kuka ci?" in ji shi.

"Waɗanda suka fara gasuwa mana. Allah ya yi maka albarka."

Ƙanena ya durƙusa yana jujjuya ragowar da ke kan garwashin, yana neman kunnuwa. Ina kunne? Babbaka ta cinye su. Da ya faɗa mini aikin allurar, sai na fizge 'yata daga cinyar Baba.

Na goya yarinyar, muka hau mashin da ƙanena zuwa asibiti a Kafanchan, ina kuka ina addu'a. Likita ya saurari ƙanena, ya ce mai yiwuwa wuta ta kashe maganin, amma ba zai rantse ba. "Ku dai sa ido a kan girmanta," in ji shi.

Na kuwa sa ido. Shekara da shekaru ina tsayar da ita a jikin bango ina jan layi da gawayi daidai kanta. In zanen bai motsa ba, tuwo ba ya wuce mini. Baba bai sake cin ɓera ba har ya rasu, kullum sai ya zo ya tsaya yana kallon bangon.

Wata Lahadi muna shirin coci, na miƙa hannu zan gyara mata ɗankwali, sai na ga dole na yi ɗage, ashe ta fi ni tsawo. Nan na zauna na yi kukan da ya fi na kan mashin.

Tun daga ranar ɓerayen nan, ko gishiri aka shigo da shi gidana, sai wanda ya kawo ya faɗa da bakinsa mene ne, kuma na wane ne.