Farantin yis ɗin da ya ƙi mutuwa

Akwai wata safiya a ɗakin gwaje-gwaje na jami'armu a Minna da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Muna ajin ƙarshe aka haɗa ni aikin bincike da wata 'yar garin Beji, 'yar manoma, mai yawan dariya. Da "kai" take kirana ko da yake ni mace ce, har na saba. Ita ta zaɓi batun yis, domin mahaifiyarta ta daɗe tana fama da wani farin ciwo a baki wanda irin waɗannan ƙwayoyi ke haddasawa, ana ba ta magani yana lafawa yana dawowa.

Aikinmu shi ne mu shuka yis a faranti, mu sa masa maganin da ke kashe shi, wasu farantan kuma mu ƙara musu bitamin. Ran nan muka duba, sai ga yis ya mutu ko'ina, ban da farantin da ke da wani bitamin. Nan ya tsiro fari tas.

Na ce, "Mun ɓata aiki, mu zubar kafin Malama ta shigo."

Ƙawata ta riƙe hannuna. "Bari shi. Mamana ma yana shan bitamin tare da magani."

Malamar da ke duba aikinmu ta sa muka maimaita, abin ya sake fitowa haka. Ta ce mai yiwuwa bitamin ɗin ne ke taimaka wa yis ya jure, amma faranti daban, jikin mutum daban, kada mahaifiyar ƙawata ta bar shan komai sai da shawarar likita.

A keke muka koma unguwar Maitumbi, ƙawata tana ta lissafa mini yadda za mu yi digiri na biyu tare mu gano bakin zaren. Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na ranar ba.

Bayan mun gama, mahaifiyar ta rasu da wata cutar daban. Ƙawata ta koma gida riƙon ƙannenta, ni na kama koyarwa. Lambarta ta daina shiga, na je Beji aka ce sun tashi. Har yau ban san amsar tambayarmu ba, kuma ba da kowa nake son in neme ta ba sai da ita.

Abin da na koya shi ne, aikin da ku biyu kuka ƙulla, kada ku ce sai an samu sarari. Sararin kan zo, amma mutumin ba ya nan.