Namijin Gwandar Inna

A gidan kakata ta wajen uwa, can Bungudu, ba a taɓa rasa gwanda ba. Wani iri ne mai dogon jiki, jajir a ciki, wanda in aka yanka a tsakar gida sai na zaure ya ji ƙamshi. Ba wanda ya san inda kakar tamu ta samo shi. Ba ta kuma yi masa wata hidima, in ta sha sai ta watsa ƙwayoyin a bayan rijiya, wata bishiyar ta tsufa ta faɗi, wata ta taso a gindinta. Haka mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta tashi ta gani, haka mu ma muka tarar.

Bayan rasuwar kaka aka raba gida, magada suka yi gine-gine, aka shafe tsakar gidan da siminti. Gwanda ɗaya ta rage a lungu, ita ma iskar farkon damina ta kwantar da ita. Inna ta je Bungudu bikin suna ta tarar da ita kwance, duk 'ya'yan ɗanyu ne sai guda da ya fara ja. Ta tsinke shi ta naɗe a mayafi, ta ɗora a cinya tun daga Bungudu har gidanmu na Tudun Wada a Gusau. Ba ta yarda an sa shi a bayan mota ba.

Lokacin ina da aure a unguwar, layi kaɗan tsakanina da gida, kuma kusan kullum da hantsi nakan kwashi ɗinkin hannu in je in zauna wurinta. Saboda haka a idona aka yi komai. Da ya nuna muka sha, ta murje ƙwayoyin da toka ta shanya a inuwa, sannan ta zuba su duka a wani tsohon baho mai huji da ta cika da ƙasa da taki. Ba ta ajiye ko ƙwaya ɗaya ba, don a ganinta abin da ke cikin ƙasa ya fi na cikin ƙulli tsira daga ɓera. Ba a jima ba baho ya yi kore shar. Inna ta riƙa kewaya shi tana murmushi ita kaɗai.

Ana cikin haka Kawu ya zo. Ƙanen Inna ne, yana noma a Tsafe, kuma tunda nake da shi ban taɓa jin an kawo wata magana ya ce bai sani ba. Ko ruwa bai gama sha ba ya tsuguna gaban baho.

"Yaya, in kin dasa su duka, maza za su cika maki gida," in ji shi. "A saiwa aka gane su. Namiji saiwatai guda ta, miƙe. Macce ko tata ta rabu biyu."

Inna ta dubi bahon. Kowa ya san gwanda akwai mace akwai namiji, kuma namijin fure kawai yake yi, ba ya haihuwa. Tsakar gidanmu kuwa ba ta da faɗin da za a ba kowanne wuri. Ta ce to, ya duba mata a hankali.

Kawu ya naɗe hannun riga ya fara shari'a. Ya cire ɗaya, ya kakkaɓe ƙasa, ya ɗaga sama ya ƙura ido, ya ce namiji, ya jefa wa akuya. Ya cire wani, shi ma namiji. Na ajiye allura na leƙa. Ni dai duk saiwoyin iri ɗaya na gan su, farare sirara, kuma na faɗa masa haka. Ya ce ni ɗinki na sani, in koma kan ɗinkina. Kafin azahar akuyarmu ta ƙoshi, biyu kacal suka tsallake. Aka dasa su a gefen katanga. Ɗaya bai ji daɗin kakkaɓar da aka yi masa ba, ya lanƙwashe ya bushe. Saura ɗaya, kuma shi ne duk abin da ya rage na gwandar Bungudu a duniya.

Inna ta kewaye ta da kara da ƙaya. Ta dawo da wurin alwalarta kusa da ita, amma ba daidai gindi ba, don ta ce gwanda na son ruwa, ba ta son ya kwanta mata, saiwar ruɓewa take yi. A wurinta na koyi kallon itace. Ganyen farko ba shi da wani fasali, na bayansa ne ke fitowa a tsattsage kamar tafin hannu mai yatsu. Kowane ganye yana bisa doguwar sanda mai rami a ciki, in ya tsufa ya faɗi sai ya bar tabo a jikin bishiyar. Da waɗannan tabban Inna ke gane ko ta ji daɗi. In sun yi nesa da juna an ƙoshi, in sun matsu akwai abin da ya rage. In ka soke ta da farce farin ruwa ya tsatso mai kama hannu. Na taɓa gwadawa, na sha faɗa kamar na tsokane wa jariri ido.

Da ta wuce tsayin mutum sai Inna ta fara leƙen hammatarta, wato inda sandar ganye ta haɗu da jiki, don a nan fure ke fitowa. Na mace guda ne, babba, manne da jiki. Kullum da safe sai ta ɗaga kai ta duba kafin ta ɗora koko.

Ran nan na shigo na tarar da ita zaune a tabarma a gindin gwandar. Na ɗaga kai. Daga kowace hammata wasu dogayen zaruruwa sun sauko, kowanne ɗauke da tarin ƙananan furanni farare. Ko ni da ɗinki kawai na sani na gane.

Baba ya fito daga ɗaki ya duba, ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, abin ya gagara. Dama shi da Kawu ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Nan take ya kira shi a waya ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Malamin saiwa, maccen da kaz zaɓa ta hito da gemu."

Kawu ya ce, "Ai ba laihin saiwa ba na. Ruwanku na Gusau na, shi yaj juya ta."

Har Inna sai da ta yi dariya, amma na ga idonta. Ni kuwa haushi ya kama ni sosai, don na tuna abin da akuya ta ci, kuma na tabbata akwai mata a ciki.

Labari ya zaga unguwa, mata suka fara kawo magani. Wata ta ce a buga masa ƙusa a gindi, zafin ƙarfe zai sa ya juya. Aka buga. Wata tsohuwa 'yar Mada ta ce a garinsu kallabi ake ɗaura masa, kunya ta kama shi ya haihu. Na ɗauka Inna za ta yi tsaki, sai ga shi washegari na tarar da tsohon kallabinta mai ruwan goro ɗaure a wuyan gwanda. Baba ya ce saura lalle da kwalli. Shi kuwa gogan bai ji kunyar komai ba, sai ƙara fure yake yi. Da magariba ƙamshinsa ya cika gida, ƙamshi mai daɗi ƙwarai, ba zan ci amanarsa ba.

Baba dama yana son wurin, rumfa yake so ya kafa don babur ɗinsa. Ya yi haƙuri har zafi ya shigo, sannan ya kawo maganar a hankali, ya ce itacen da ba ya haihuwa ai tare wuri kawai yake yi, a sare a samo wani iri a kasuwa.

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Malam, wanga icce shi kaɗai yar rage man daga hannun uwata. Ko bai haihu ba, a bar man shi in riƙa gani."

Baba bai sake maganar rumfa ba. Abin da ba mu sani ba, ashe ya fara bi ta wurin masu lambu a bakin gulbi yana tambaya. Wata safiya ya dawo da adda da wani babban gwangwanin madara. Ya ce masu lambu sun ce a sare masa kai, in ya yi sabon toho wani lokaci yakan canza hali, wani lokaci kuma yakan mutu, ba su ɗaukar wa kowa alkawari. Ya ajiye addar a gaban Inna ya ce ita ke da iko.

Ta daɗe tana kallon bishiyar. Sannan ta ce ya yi bisimilla, ta shige ɗaki ta saki labule. Ni na riƙe masa turmi ya hau. Sara biyu kan ya faɗo da ganye da fure gaba ɗaya, sai ga cikin rami ne fayau. Ya kifa gwangwani a bakin don kada ruwan sama ya shiga ya ruɓar da shi. Aka bar mu da sanda tsaye mai hular gwangwani da kallabi a wuya. Duk wanda ya shigo gidan sai ya tambayi abin da ake tsafi da shi.

Kwanakin nan ba su yi daɗi ba. Inna ta ci gaba da alwala a wurin, ba ta ɗaga kai. Sai da ruwa ya sauka sosai, ran nan tana shara ta ga wasu 'yan kore sun ɓullo daga tsofaffin tabban ganye. Ta aika a kira ni, na zo da zare a wuya. Kafin damina ta fita ya yi rassa ta kowane gefe, ya fi da kyau, inuwarsa har ta kai inda Baba ke ajiye babur. Da ya tashi fure kuma sai ga zaruruwan nan sun sake saukowa. Namiji dai, ba abin da ya canza. Wannan karon ba wanda ya kira Kawu. Inna ta kwance kallabinta ta wanke, ta ce ya isa, a bar bawan Allah ya huta.

Cikin sanyi ne abin ya faru. A can ƙarshen wani dogon zare, fure ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri. Sauran suka kaɗe, shi ya tsaya, gindinsa ya fara kumbura. Inna ta gani ta yi shiru da bakinta har ya kai girman ƙwai, sannan ta ja hannuna ta nuna mini. Ga ɗa nan yana lilo a ƙarshen igiya, nesa da jikin bishiya, ba kamar yadda 'ya'yan gwanda ke manne wa uwarsu ba. Na yi guɗa ban shirya ba.

Gida ya rikice da murna. Baba, mai rumfa, shi ya kafa gwafa ya tallafi zaren don kada nauyi ya tsinke shi. Ni na ɗinka masa 'yar jaka da ƙyallen atamfa saboda tsuntsaye da jemage. Kawu ya taso takanas daga Tsafe, ya tsaya a ƙarƙashi ya riƙe ƙugu.

"Ni na hwaɗa maku macce ta. Jinkiri kawai tay yi."

"Matsa daga nan," in ji Inna, "kada ka ce za ka duba saiwa."

Sai dai akwai abin da ya tsaya mana a rai. Masu lambu sun gaya wa Baba cewa irin wannan ɗan na namiji sau da yawa fanko ne, a yanka a tarar ba ƙwaya ko ɗaya. In haka ta faru, an sha gwanda sau ɗaya, iri kuma ya tafi ke nan. Ba yadda za a yi a sani sai an yanka. Inna takan ɗaga jakar ta ɗan girgiza a kusa da kunnenta, ba ta jin komai.

Da zafi ya dawo ɗan ya yi ja. Bai yi girma ba, bai wuce tsawon tafin hannun Baba ba, ga shi ɗan siriri. Inna ta tsinke shi da kanta bayan la'asar, ta zauna a tabarma da faranti. Ni da Baba da Kawu muka kewaye ta. Ta ɗauki wuƙa, ta miƙa wa Baba, ya ce a'a, nata ne. Ta yi bisimilla ta tsaga.

Ƙamshin ne ya fara isowa. Ciki jajir. A tsakiya kuma ga su nan, baƙaƙe, masu sheƙi, ba su da yawa, ba za su cika cokali ba. Baba ya ce alhamdu lillahi. Kawu ya miƙa hannu zai taɓa, ta buge hannun. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa ta zuba a murfin kwano, ta tura ƙarƙashin zanenta.

Muka zauna jiran rabo. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta ci abu ba ta raba ba, ko goro ne sai ta ɓantara wa na kusa. Ran nan ta ɗauki farantin ta juya mana baya, ta fuskanci katanga. Ta shanye ɓari ɗaya, ta ɗauki ɗayan, ta kankare har ɓawo. Da ta gama ta goge fuska da bakin mayafi, ta juyo.

"Ba ta kai ta gida zaƙi ba," in ji ta. "Amma ita ta. Ɗebo man toka."